Sir Arthur Lewis (1915–1991): Rayuwarsa da Tunaninsa kan Samar da Aikin Yi da Rage Talauci

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sir William Arthur Lewis, masanin tattalin arziki ɗan tsibirin Saint Lucia, wanda ya zama mai ba gwamnatin Gana shawara a farkon samun 'yancin kanta. An fi sanin Lewis da ra'in da ya fitar a 1954, wanda ya bayyana yadda masana'antu ke kwashe rarar ma'aikata daga karkara. Maƙalar ta nuna cewa wannan rabin tunaninsa ne kawai. Ɗaya rabin, wanda ya gabatar wa Gana tun 1953 kuma ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, shi ne cewa ladan ƙwadago a ƙasa matalauciya yana ɗaure da abin da mai noman abinci ke girbewa. Saboda haka, duk manufar samar da aikin yi da ta tsallake wannan manomi ba za ta rage talauci ba. An bi tarihin rayuwarsa daki-daki domin a ga inda tunanin ya samo asali, da yadda ta kaya masa a fagen mulki.

Fitilun Kalmomi: Arthur Lewis, aikin yi, talauci, ƙwadago, noma, Gana

1.0 Gabatarwa

Ƙasashen da suka sami 'yancin kai bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun gaji wata matsala da har yau take ci wa masu mulki tuwo a ƙwarya, wato yadda za a sama wa jama'a aikin da ladansa zai fitar da su daga talauci. Maganin da ya fi karɓuwa a shekarun 1950 da 1960 shi ne kafa masana'antu, kuma sunan da aka fi jingina wannan magani gare shi shi ne na Arthur Lewis. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama cikakken farfesa a wata jami'ar Birtaniya, kuma na farko da ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki.

Rayuwar wannan masani ta cancanci a duba ta a fagen nazarin Hausa saboda dalilai biyu. Na farko, ya yi aiki a Afirka ta Yamma, ya rubuta rahoto kan Gana da wani kan Nijeriya, kuma ma'aikatan da ya gani a gonaki da kasuwannin Gana sun haɗa da mutanen arewa da mazauna zango. Na biyu, abin da ra'insa ya tsayu a kai, wato barin gona domin neman aikin lada, abu ne da al'adar Hausa ta daɗe da raɗa wa sunaye, kamar cin rani da ƙwadago da barema. Akasarin abin da aka rubuta a kansa da Turanci ne, cikinsu har da littafin tarihin rayuwarsa da Robert Tignor ya wallafa a 2006.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi William Arthur Lewis ranar 23 ga Janairu, 1915, a Castries, babban birnin Saint Lucia, wani ƙaramin tsibiri a yankin Karibiyan wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Iyayensa malaman makaranta ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Antigua, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu maza biyar. Yana ɗan shekara 7 ya yi wata jinya da ta hana shi zuwa makaranta na ɗan lokaci. Mahaifinsa ya koyar da shi a gida, da ya koma kuwa sai aka tsallakar da shi aji biyu. Ba a daɗe ba mahaifin ya rasu, ya bar uwar da ɗawainiyar yara biyar. Ta tsaya tsayin daka a kan karatunsu, har wansa Allen Lewis ya zama Gwamna Janar na farko lokacin da tsibirin ya sami 'yancin kai a 1979.

Al'ummar da ya taso a cikinta al'umma ce da noman rake ya gina. An soke bauta a tsibiran Birtaniya a 1834, aka saki bayi gaba ɗaya a 1838. Daga nan masu manyan gonaki a yankin suka riƙa shigo da 'yan ƙwadago daga Indiya bisa yarjejeniyar aiki, har zuwa 1917. Sakamakon haka ma'aikata suka yi yawa, filin noma ya kasance a hannun 'yan tsiraru, lada kuma ya tsaya cik a ƙasa. Wannan shi ne talaucin da Lewis ya buɗe ido ya gani, kuma shi ya zauna masa a rai a duk rubuce-rubucensa.

Ya kammala makaranta yana ɗan shekara 14, shekarunsa ba su kai na rubuta jarrabawar neman tallafin karatu a ƙasar waje ba. Don haka ya kama aikin akawu a ma'aikatar gwamnati. A 1932 ya rubuta jarrabawar ya yi nasara. Burinsa shi ne ya zama injiniya, sai dai ya san cewa gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin Turawa ba sa ɗaukar baƙar fata wannan aiki. Aikin likita da na lauya, waɗanda su ne aka bar wa irinsa, ba su kwanta masa ba. Sai ya zaɓi karatun harkokin kasuwanci, da niyyar ya dawo gida ya yi aikin ofis. Ta wannan hanya ce ya haɗu da ilimin tattalin arziki.

3.0 Karatu da Koyarwa a Ingila

A 1933 ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wadda aka fi sani da LSE. Ya sami digiri na farko da daraja ta ɗaya a 1937, aka ba shi aikin koyarwa a 1938, ya kuma kammala digirin digirgir a 1940 kan tattalin arzikin masana'antu. Ya yi zamani da manyan malamai irin su Arnold Plant da Lionel Robbins da Friedrich Hayek, waɗanda suka yi imani da a bar kasuwa ta yi halinta. Ya ɗauki tsantsenin lissafinsu, amma a siyasance ya karkata ga ƙungiyar Fabian, masu ra'ayin gurguzu na sannu a hankali.

Yana cikin karatu tarzomar ma'aikata ta ɓarke a gida. Daga 1935 zuwa 1938 an yi yajin aiki da zanga-zanga a Saint Kitts da Saint Vincent da Saint Lucia da Trinidad da Barbados da Jamaika, aka kuma rasa rayuka. Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Moyne a 1938. A 1939 Lewis ya fitar da wani ɗan littafi kan wannan yunƙuri na ma'aikata, inda ya danganta tarzomar da ƙarancin lada da rashin filin noma, ya kuma nemi a raba wa ƙananan manoma fili a kuma kafa masana'antu. Tun daga wannan rubutu na ƙuruciya noma da masana'antu suke tafiya tare a tunaninsa.

Lokacin yaƙi ya yi wa Ofishin Kula da Ƙasashen Mulkin Mallaka aiki, ya zama sakataren kwamitin ba da shawara kan tattalin arziki. Ya ajiye aikin a 1944 saboda manyan ofishin ba su da niyyar tsara ci gaban ƙasashen da suke mulka. Wariyar launin fata ma ba ta ƙyale shi ba: a 1947 kwamitin zaɓe ya amince a ba shi kujerar farfesa a Jami'ar Liverpool, amma aka hana shi saboda launinsa. A wannan shekara ya yi aure da wata 'yar tsibirin Grenada, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A 1948, yana ɗan shekara 33, Jami'ar Manchester ta ba shi kujerar farfesa, kuma a nan ya yi shekarun da suka fi albarka a rayuwarsa ta bincike.

A 1950 ya rubuta nazari kan kafa masana'antu a tsibiran Karibiyan, yana mai koyi da abin da Puerto Rico ta yi na jawo jarin waje. Hujjarsa ita ce tsibiran sun cika da jama'a, ƙasar noma ba za ta ɗauki kowa ba, kuma kasuwar gida ta yi ƙanƙanta, don haka dole a ƙera kayan da za a sayar a waje. Daga baya wasu matasan masanan yankin, musamman Lloyd Best, sun soki wannan shawara da cewa gayyato baƙi ce su zo su mallaki tattalin arziki.

4.0 Ra'in Rarar Ma'aikata

Lewis ya bayyana cewa tambayoyi biyu ne suka daɗe suna damunsa. Ta farko, me ya sa ƙarfe yake da tsada, kofi kuma yake da araha? Ta biyu, me ya sa a farkon juyin masana'antu na Ingila riba ta yi ta hauhawa alhali ladan ma'aikata ya daɗe bai motsa ba? A watan Agusta na 1952, yana tafiya a kan titi a birnin Bankok na ƙasar Tailan, ya fahimci cewa amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Ya zuba wannan amsa a wata maƙala da mujallar Manchester School ta buga a 1954, sannan ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1955 kan bunƙasar tattalin arziki.

Ra'in ya kasa tattalin arzikin ƙasa matalauciya gida biyu. Akwai ɓangaren neman abin sawa a baka, inda mutane suka yi wa aikin yawa. Idan gandun da mutum bakwai za su iya nomewa yana da mutum goma, to uku za su iya tafiya ba tare da amfanin gonar ya ragu ba. Lewis bai taƙaita wannan rara ga gona ba. Ya haɗa da 'yan dako, da 'yan tireda masu kasa kaya kaɗan, da barorin gida, da matan da ba su shiga aikin lada ba, da ƙaruwar jama'a. Akwai kuma ɓangaren jari, wato masana'antu da ma'adinai da manyan gonaki. Mai jari ba ya bukatar ya biya lada mai yawa. Ya ishe shi ya ɗan ɗara abin da mutum ke samu a ƙauye, kamar da kashi 30 cikin 100, sai ma'aikata su yi ta zuwa. Tun da lada bai tashi ba, riba za ta ƙaru. Idan aka mayar da ribar cikin sana'a, za a ɗauki ƙarin ma'aikata. A ganinsa, babban abin da ilimin ci gaba zai bayyana shi ne yadda ƙasar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da take samu za ta koma tana tanadin kashi 12 zuwa 15. Haka za a ci gaba har rarar ta ƙare, sannan lada ya fara tashi.

Wannan ne ɓangaren da littattafan koyarwa suka ɗauka, musamman bayan Gustav Ranis da John Fei sun tsara shi cikin lissafi a 1961. Amma rabin maƙalar na biyu ya fi kusa da batun talauci. Lewis ya lura cewa amfanin da ake samu daga kowace ekar rake ya ninka kusan sau uku cikin shekara 75, amma mai saran rake bai fita daga talauci ba. Dalili kuwa shi ne abin da mutum zai samu in ya tsaya a gonar abincinsa ne ke yanke ladansa, komai yawan sukarin da ya samar. Muddin gonar abinci ba ta ba da amfani mai yawa, za a sami wanda zai karɓi aikin rake da araha, ribar ingantuwar kuma ta tafi ga mai saye a Turai ta hanyar faɗuwar farashi. Ya ƙara da cewa mai jari yana da moriya a talaucin ƙaramin manomi, ya kuma kawo misalin yadda masu mulkin mallaka a Afirka suka yi amfani da ƙwace fili da aikin tilas da haraji wajen tura mutane aikin lada.

Akwai wani sharaɗi da masu karanta shi kan manta. Lewis ya faɗi a fili cewa zancen rarar ma'aikata ya dace da ƙasashe irin su Masar da Indiya da Jamaika, amma bai dace da wasu sassan Afirka da Kudancin Amurka ba, inda ƙasa ke da yalwa, hannun da zai noma ta ne ya yi kaɗan.

5.0 Lewis a Gana

A ƙarshen 1952 gwamnatin Gold Coast, wadda Kwame Nkrumah ke jagoranta kafin samun cikakken 'yanci, ta gayyaci Lewis ya duba yadda za a kafa masana'antu. Abin da ya tarar ya sha bamban da na tsibiran da ya fito. Arzikin ƙasar ya dogara ne ga koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, kuma ƙananan manoma 'yan ƙasa ne ke noma shi. Gonakin na fama da ƙarancin hannu, har sai an jira 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da kuma ƙasashen da a yau ake kira Burkina Faso da Nijar. Tsohuwar hanyar fataucin goro zuwa Gwanja ta riga ta kafa zanguna a garuruwa irin su Salaga da Kumasi, inda Hausa ta zama harshen hulɗa tsakanin baƙi.

Rahoton da ya miƙa a 1953 ya zo da abin da masu gayyatarsa ba su zata ba. Ya ce abu na farko da ƙasar za ta sa a gaba shi ne inganta noman abinci, ta hanyar bincike da malaman gona, na biyu kuma gyara ayyukan gwamnati kamar ruwa da wuta da hanyoyi. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan manomi bai sami rara ba, ba shi da kuɗin sayen kayan masana'anta. Idan kuma aka janye ma'aikata daga gona ba tare da amfanin gona ya ƙaru ba, abinci zai yi tsada, lada ya tashi, masana'antar ta kasa gogayya da kayan waje. Ya lissafa 'yan sana'o'in da yake ganin za su iya tsayawa da ƙafarsu, kamar matsar mai da gishiri da bulo da kayan katako, ya kuma ba da shawarar a jawo jarin waje bisa sharaɗin horar da 'yan ƙasa.

Gana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957, da ajiyar kuɗin waje da aka ƙiyasta ta kai kimanin fam miliyan 200. Yawancin wannan dukiya daga gumin manoman koko ta fito, domin Hukumar Cinikin Koko tana sayen amfaninsu ƙasa da farashin kasuwar duniya. A 1954, lokacin da farashin ya yi tashin gwauron zabo a waje, gwamnati ta tsayar da shi a kan sule 72 ga kowane kaya mai nauyin laba 60, abin da ya taimaka wajen tayar da adawa mai zafi a ƙasar Asante. A ɗaya gefen kuma, matasan da suka gama firamare suna ta kwarara birane. A 1957 gwamnati ta kafa rundunar magina, wadda daga baya aka sake wa suna rundunar ma'aikata, domin ta ɗauke su aikin gine-gine da noma a ƙarƙashin horo irin na soja.

A cikin wannan yanayi Lewis ya dawo a ƙarshen 1957 a matsayin mai ba Nkrumah shawara kan tattalin arziki, ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya. Babban aikinsa shi ne tsara shirin raya ƙasa na biyu. Ya so a zuba kuɗin koko a ayyukan da za su dawo da riba, a kuma tsaya iya ƙarfin aljihun ƙasa. Ministoci kuwa kowa na cusa nasa aikin, da yawa daga ciki na ƙawa ne ko na biyan bukatar magoya baya. Lewis ya rubuta wa Nkrumah ƙorafinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Matsayin Nkrumah shi ne cewa shi ɗan siyasa ne, wanda jama'a suka zaɓa, kuma shi zai yanke hukunci ko da lissafin masana bai goyi baya ba. A ƙarshen 1958 Lewis ya bar aikin, bayan wata goma sha 'yan kai.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar Nkrumah. Ya gaji ƙasar da ta dogara ga amfani guda wanda baƙi ke yanke wa farashi, kuma jama'ar da suka yi gwagwarmayar 'yanci suna jiran canji a rayuwarsu nan take. Tashar jiragen ruwa ta Tema da madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka buɗe a watan Janairu na 1966, suna amfanar Gana har yau. Duk da haka, abin da Lewis ya ji tsoro ya auku. Ajiyar kuɗin ta narke, aka ƙaƙaba wa ma'aikata tanadin dole a 1961, abin da ya jawo yajin aikin Sekondi da Takoradi. Kamfanonin gwamnati da yawa suka riƙa tafka asara, abinci ya yi tsada, farashin koko ya faɗi warwas a 1965, sojoji kuma suka kifar da gwamnatin ranar 24 ga Fabrairu, 1966. Rashin aikin yi bai gushe ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma ɗaya daga cikin hujjojin shi ne sama wa 'yan ƙasa aiki. Dubun-dubatar 'yan Nijeriya da Nijar, cikinsu har da Hausawan da aka haifa a zango, suka rasa gidajensu da sana'o'insu.

6.0 Matsalar Zaman Banza a Birane

Bayan Gana, Lewis ya yi ɗan gajeren aiki a asusun raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1959 aka naɗa shi shugaban Kwalejin Jami'ar West Indies da ke Jamaika, kuma shi ya fara shugabantar ta bayan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962. A wannan shekara tarayyar tsibiran, wadda ya yi ta fafutukar ceto ta, ta wargaje. A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir, ya kuma koma Jami'ar Princeton a Amurka.

Shekarun 1960 sun fito da wani abu da ra'in 1954 bai hango ba. Mutane sun bar karkara kamar yadda aka zata, amma masana'antu ba su ɗauke su ba, sai suka taru a bakin birane. Lewis bai kau da kai daga wannan ba. A rubuce-rubucensa na wannan lokaci, ciki har da littafinsa na 1966 kan tsara raya ƙasa, ya kawo dalilai da dama. Tazarar da ke tsakanin albashin birni da abin da manomi ke samu ta yi faɗi, saboda gwamnati da manyan kamfanoni suna ƙara albashi alhali farashin amfanin gona na danne. Sababbin masana'antu suna zuwa da injinan da ke cin jari mai yawa su ɗauki mutane kaɗan. Asibiti da famfo da lantarki duk an tara su a babban birni. Sannan an faɗaɗa makarantun firamare cikin gaggawa, kamar yadda aka yi a Gold Coast daga 1951 da Jihar Yamma ta Nijeriya daga 1955, ba tare da an gyara noman da yaran za su koma wa ba. Wannan batu na ƙarshe ya jawo masa suka, domin ilimi haƙƙi ne ko da bai kawo aiki ba. Sai dai abin da yake nufi shi ne yaron da ya iya karatu ba zai yarda ya koma ga fartanya da eka biyu irin ta mahaifinsa ba, sai in an sauya yanayin gonar.

Wasu masana sun ɗora daga nan. A 1970 John Harris da Michael Todaro, bisa nazarin Gabashin Afirka, sun nuna cewa buɗe guraben aiki a birni na iya ƙara yawan marasa aiki a birnin, domin kowane gurbi ɗaya yakan jawo mutum fiye da ɗaya daga ƙauye. Keith Hart kuma, wanda ya yi bincike tsakanin 'yan arewacin Gana a unguwar Nima ta birnin Akra, ya nuna cewa waɗanda ake kira marasa aiki suna da sana'o'in da gwamnati ba ta ƙirga su. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan Kenya na 1972 ya yaɗa wannan fahimta.

Lewis ya ci gaba da waiwayar Afirka ta Yamma. A littafinsa na 1965 kan siyasar yankin ya soki mulkin jam'iyya ɗaya, ya ce ƙasar da ta ƙunshi ƙabilu da yankuna masu bambancin arziki tana bukatar tsarin tarayya da gwamnatin haɗaka. A nazarinsa na 1967 kan Nijeriya ya nuna cewa amfanin gonar da ƙananan manoma ke fitarwa waje shi ne ya ja bunƙasar ƙasar a shekarun da suka gabata. Wannan shi ne zamanin dalar gyaɗa a Kano, kafin man fetur ya mamaye komai.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Daga 1970 zuwa 1973 ya zama shugaban farko na Bankin Raya Karibiyan da ke Barbados, sannan ya koma Princeton. A littattafansa biyu na 1978 ya mayar da hankali ga tarihi. Ya nuna cewa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin Turawa miliyan 50 sun yi ƙaura zuwa ƙasashe masu sanyi irin su Amurka da Kanada da Ostareliya, kusan adadin haka na Indiyawa da Sinawa kuma suka tafi aikin gonaki da ma'adinai a ƙasashe masu zafi. Ladan kowane rukuni ya bi abin da manomin ƙasarsu ke girbewa. A lissafinsa, wajen 1900 ekar alkama a Birtaniya tana ba da laba 1,600, ekar hatsi a ƙasashe masu zafi kuwa laba 700. Daga wannan tazara farashin ulu da alkama ya yi sama, na roba da shayi da gyaɗa ya yi ƙasa.

A 1979 aka ba shi lambar Nobel tare da Theodore Schultz, wanda shi ma ya shahara da kare ƙaramin manomi. Ya yi ritaya a 1983. Ya rasu a Barbados ranar 15 ga Yuni, 1991, aka binne shi a Saint Lucia, a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa. Hotonsa na kan takardar kuɗi ta dala 100 ta Gabashin Karibiyan.

8.0 Kammalawa

Daga ɗan littafinsa na 1939 zuwa littattafan 1978, Lewis bai raba masana'anta da gonar abinci ba. Ya ba tsibiran Karibiyan shawarar masana'antu saboda ƙasa ta yi musu kaɗan, ya ba Gana shawarar noma saboda hannu ne ya yi mata kaɗan, kuma a duka biyun ma'auninsa shi ne abin da talaka zai samu in bai karɓi aikin lada ba. Ƙasar Sin, wadda masana suka fi auna ra'insa da ita a wannan zamani, ta fara gyaranta na 1978 ne da mayar wa iyalai ikon gonakinsu, kafin masana'antun gaɓar teku su kwashe miliyoyin ma'aikata.

Nijeriya ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986 da shirin kawar da talauci na NAPEP a 2001. Ma'aunin Lewis ga irin waɗannan shirye-shirye shi ne a duba ko sun ƙara abin da mai noman gero da dawa ke samu, domin shi ne ke yanke ladan ɗan dako da lebura a birni. A nan manazarta Hausa suna da abin da za su ƙara wa ra'in. A ƙasar Hausa rarar ma'aikata ta lokaci ce: da rani hannu ya yi yawa, da damina kuwa a neme shi da kuɗi a rasa. Nazarin kalmomi da al'adun gandu da gayauna da gayya da jinga da cin rani, tare da abin da waƙoƙin noma suka adana game da su, zai nuna yadda manomin da kansa yake lissafin tafiya ko zama, da kuma yadda noman rani a fadama yake sauya wannan lissafi.